Yadda zaka zauna da wasiƙar Galatiyawa ka nazarce ta da kanka kafin ka buɗe littafin sharhi

Akwai 'yan'uwa da yawa a ikilisiyoyinmu da suke da ƙishin ilimin tauhidi, suna so su wuce matakin haddace ayar tunawa ta makarantar Lahadi, amma basu san ta ina zasu kama ba. Wasu sai su sayo manyan littattafan turanci su tara, wasu kuma su koma sauraron masu wa'azi a YouTube, wannan yace kaza wancan yace kaza, ƙarshe kai ya ɗaure. Ni shawarata ɗaya ce, ka ɗauki littafi guda ƙarami cikin Littafi Mai Tsarki ka zauna dashi har ka san shi ciki da waje, to daga nan ne sauran karatun zai samu wurin zama a kanka. Kuma na zaɓi Galatiyawa ne saboda sura 6 ce kawai, aya 149, amma manyan tambayoyin bangaskiyarmu duk suna ciki: ta yaya mutum ke samun karɓuwa a gaban Allah, menene amfanin Shari'ar Musa ga mai bin Yesu, su wanene jama'ar Allah, kuma in an ce an 'yanta mu to yaya zamu yi rayuwa.

Abin da zaka tanada ba yawa. Littafi Mai Tsarki na Hausa, in so samu ne fassara biyu, misali tsohuwar nan ta 1932 da iyayenmu suka tashi da ita da kuma ɗaya daga cikin na baya bayan nan kamar Sabon Rai Don Kowa, wanda ma zaka iya samu a waya. In kana jin turanci ka haɗa da guda ɗaya. Sai littafin rubutu da biro. Littafin rubutun nan kar ka raina shi, duk aikin a cikinsa zai taru.

Mataki na farko shine ka karanta wasiƙar duka a zama ɗaya, da murya, ba tsayawa. Bata kai rabin awa ba. Nasan wani zai ce ai na saba karanta sura ɗaya kullum da asuba, eh wannan yanada kyau, amma ka tuna Bulus bai rubuta surori da ayoyi ba. Rabon surori da muke amfani dashi sai a farkon ƙarni na 13 aka yi shi, ana danganta shi da Stephen Langton wanda ya zama babban bishof na Kantabari a Ingila, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma wani mai buga littattafai ɗan Faransa, Robert Estienne, ya saka su a 1551. Ikilisiyoyin Galatiya wasiƙa suka karɓa, wani ya miƙe a taro ya karanta musu daga farko har ƙarshe suna ji. Idan babanka ya turo maka dogon saƙon murya a WhatsApp ransa a ɓace ai bazaka saurari tsakiya yau ka bar farkon sai jibi ba, to haka ma nan.

A karatun farkon nan kar ka tsaya neman ma'anar kowace aya, muryar mai maganar zaka saurara. Zaka lura cewa bayan gaisuwa Bulus bai yi godiya ga Allah saboda su ba kamar yadda ya saba a Romawa ko Filibiyawa ko ma Korintiyawa ta fari, duk da irin rikicin da ke Korinti. Nan kai tsaye a 1:6 ya shiga mamakin yadda suka yi saurin juyawa. A 3:1 ya kira su marasa azanci, a 4:19 kuma sai kaji ya sauko yana kiransu 'ya'yansa, yana cewa kamar naƙuda yake sake yi dominsu. Mutum ne da zuciyarsa ke ƙuna saboda yana ƙaunarsu. In baka ji wannan zafin ba duk abin da zaka karanta daga baya zai zo maka a sandare. Kayi irin wannan karatun sau biyu ko uku a ranaku daban, ka canza fassara kowane karo.

Bayan haka sai ka buɗe littafin rubutunka ka amsa tambayoyi huɗu daga cikin wasiƙar kanta, ba daga abin da ka taɓa ji a wa'azi ba. Wa ya rubuta, wa aka rubutawa, me ya faru, me marubucin yake so suyi. Kowace amsa ka rubuta lambar ayar da ta baka ita a gefe, in babu aya to ka sa alamar tambaya. Wannan horo ne mai wuya da farko amma shine yake raba nazari da zato. Zaka gano cewa masu karɓar wasiƙar ba Yahudawa bane, da can gumaka suke bauta wa (4:8), Bulus ya fara yi musu bishara ne yana fama da rashin lafiya kuma suka karɓe shi hannu bibbiyu (4:13-15), sun karɓi Ruhu Mai Tsarki tun a lokacin (3:2), sai daga baya wasu malamai suka zo suna matsa musu cewa sai sun yi kaciya (6:12).

To anan ne mu mutanen arewa ya kamata mu ɗan dakata. A wurinmu kaciya abu ne na kowa, Kirista da Musulmi duk ana yiwa yara maza, ba wanda yake ɗaukarta wani babban al'amari, shi yasa in muka karanta sai muga kamar Bulus yana tada jijiyar wuya akan ƙaramin abu. Amma ga Baheleni ko Baroma na wancan zamani kaciya alama ce ta cewa ka bar al'ummarka ka shiga ta Yahudawa, ka ɗauki nauyin Shari'ar Musa gaba ɗaya, abinci da ranaku da komai, Bulus ma ya faɗa haka a 5:3. Wato abin da malaman nan ke cewa shine, Yesu yayi nasa, amma kafin ka zama cikakken ɗan gidan Ibrahim sai ka fara zama Bayahude. Bulus ya ga cewa in aka yarda da wannan to gicciye bai isa ba kenan, shi yasa a 2:21 yace in ta Shari'a ake samun adalci to Almasihu ya mutu a banza. Kuma don kar ka ɗauka aikin kaciyar kansa yake ƙi, ka duba Ayyukan Manzanni 16:3 inda shi da kansa ya yiwa Timoti kaciya saboda Yahudawan yankin, alhali a Galatiyawa 2:3 bai yarda a tilasta wa Titus ba. Ka rubuta tambayar nan ka kwana da ita, me ya bambanta Timoti da Titus. Uwar Timoti Bayahudiya ce, Titus kuwa Baheleni ne, kuma shi ana neman a mayar da abin sharaɗin ceto.

Mataki na gaba shine ka ɗora wasiƙar a kan tarihi da taswira. Galatiya tana tsakiyar ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya, Romawa suka mayar da ita lardi a shekara ta 25 kafin haihuwar Almasihu, babban birninta Ankira wanda shine Ankara ta yau. Ka karanta Ayyukan Manzanni 13 da 14, tafiyar Bulus da Barnaba zuwa Antakiya ta Bisidiya, Ikoniya, Listira da Darba, garuruwan nan suna kudancin lardin, Ikoniya ma itace Konya ta yanzu. Masana sun rabu biyu akan wa aka rubutawa. Masu cewa garuruwan kudun nan ne da yawansu suna sa wasiƙar wajen shekara ta 48 ko 49, wato kafin babban taron Urushalima na Ayyukan Manzanni 15, masu cewa mutanen arewacin lardin ne kuma suna kai ta cikin shekarun 50. Ni na fi karkata ga na farkon, dalilina kuwa shine da ace an riga anyi taron Urushalima an yanke cewa kada a ɗora wa Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, kaciya, da wuya Bulus yayi wannan doguwar muhawara bai ambaci hukuncin ba. Amma kai ma ka jera Galatiyawa 2:1-10 kusa da Ayyukan Manzanni 11:27-30 da sura 15 ka gwada da kanka. Ba abin faɗa bane, saƙon wasiƙar baya canzawa ko wanne ka ɗauka, kar ka ɓata sati guda anan.

Inda zaka daɗe shine sura 3 da 4, kuma anan ne mafi yawan masu karatu suke gajiya su tsallake zuwa sura 5 inda aka lissafa ƙauna da farin ciki da salama. Kar ka tsallake ɗan'uwa. Dalilin da yasa surorin nan suke da nauyi shine Bulus yana muhawara ne da Tsohon Alkawari a hannu, aya bayan aya, mu kuma bamu san wuraren da yake ɗaukowa ba. To ga aikin: duk inda ya ɗauko nassi ka tsaya, ka koma can ka karanta surar gaba ɗaya, ba ayar kaɗai ba. A 3:6 Farawa 15:6 ce, a 3:8 Farawa 12:3, a 3:10 Maimaitawar Shari'a 27:26, a 3:11 Habakuk 2:4, a 3:12 Littafin Firistoci 18:5, a 3:13 kuma Maimaitawar Shari'a 21:23. A tsohuwar fassara Kubawar Shari'a zaka gani, littafi ɗaya ne. Nassi shida cikin aya takwas, kaga ai ba abin karantawa a guje bane.

Da ka koma Farawa zaka ga abin da Bulus ya gani. An lasafta wa Ibrahim bangaskiyarsa adalci a sura 15, umarnin kaciya bai zo ba sai sura 17, Shari'ar Sina'i kuwa sai bayan shekara 430 kamar yadda Bulus ya ƙirga a 3:17. Wato tsarin yadda labarin ya gudana shine hujjarsa, alkawari ya riga Shari'a, kuma abin da yazo daga baya baya soke abin da Allah ya riga ya tabbatar. Kuma tun a Farawa 12 an ce ta wurin Ibrahim dukan kabilun duniya zasu sami albarka, ashe shigowar Al'ummai ba sabon tunani bane da ya faɗo wa Bulus a hanyar Dimashƙu, tun farko haka Allah ya nufa. Gaskiya ranar da mutum ya ga wannan da idonsa, Tsohon Alkawari yakan daina zama masa tarin labaran yara.

Sai kuma labarin Hajaratu da Saratu a 4:21-31, wanda nake roƙonka ka bi shi a hankali domin mun sha jin ana amfani dashi wajen yiwa maƙwabtanmu Musulmi gori. Wannan kuskure ne babba. Bulus ya rubuta wasiƙar nan fiye da shekara 500 kafin zuwan Musulunci, kuma shi da bakinsa ya faɗi abin da yake nufi a aya 25, Hajaratu tana misalta dutsen Sina'i da Urushalima ta zamaninsa, wato masu son mayar da masu bi ƙarƙashin Shari'a. Da 'yan cikin gida yake magana. Ka koma Farawa 16 da 21 kaga yadda mala'ikan Ubangiji ya sami Hajaratu a jeji, yadda Allah ya ji kukan yaron, da Farawa 17:20 inda yayi alkawarin sa wa Isma'ilu albarka. Wanda ya karanta waɗannan bazai ɗauki nassin nan ya mayar dashi abin zagi ba.

Idan ka gama wannan sai ka rubuta tsarin wasiƙar da kalmominka, kowane sashe jimla ɗaya. Galibi zaka ga ta kasu uku, sura 1 da 2 Bulus yana bada tarihinsa don ya nuna ba daga mutum ya karɓi bisharar ba, 3 da 4 hujja daga Nassi, 5 da 6 rayuwa cikin Ruhu. Ka lura da ƙananan kalmomin haɗi irin su gama, saboda haka, amma, domin sune suke nuna maka inda tunaninsa ya dosa. In bazaka iya faɗin saƙon wasiƙar cikin jimla biyu ga yaro ɗan sakandare ba, to da sauran aiki, ka sake komawa.

Sai yanzu ne lokacin buɗe littattafan wasu yayi, kuma na jinkirta shi da gangan. Wanda ya fara da sharhi da idon mai sharhin zai riƙa gani har abada, wanda kuma yazo da tambayoyinsa a rubuce zai iya cewa nan na yarda, nan ban gamsu ba. Amma fa kar kace tunda inada Ruhu Mai Tsarki bana bukatar kowa, ai Ruhun nan ya yi shekaru kusan dubu biyu yana koyar da ikilisiya kafin a haife mu. Ka fara da na kusa, akwai sharhin Littafi Mai Tsarki na juzu'i ɗaya da malaman Afirka su 70 suka rubuta, ya fito a 2006 ƙarƙashin jagorancin Tokunboh Adeyemo ɗan Najeriya, yana taɓo irin tambayoyin da muke fuskanta. In kana kusa da Jos ka leƙa shagunan littattafan Kirista, ko ka nemi izinin shiga laburaren makarantar tauhidi irin TCNN a Bukuru ko JETS a Jos, in kuma kana nesa ka tambayi fastonka, mafi yawansu suna da littattafan da suka yi karatu dasu a ajiye kuma zasu ji daɗi wani ya nema.

Kuma ka nemi sanin yadda magabata suka karanta ta. Misali ɗaya da nake so ƙwarai shine gardamar Jerom da Agustin, manyan malaman ikilisiya na zamanin dā, akan 2:11-14, inda Bulus ya tsawata wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya saboda ya janye daga cin abinci da Al'ummai lokacin da mutanen Yakubu ɗan'uwan Ubangiji suka iso. Jerom, wanda yake zaune a Baitalami, ya bi ra'ayin wasu malaman Helenanci cewa manzannin biyu shiri suka yi tsakaninsu don su koya wa jama'a darasi, saboda ya kasa yarda cewa Bitrus zai yi irin wannan tuntuɓe. Agustin kuwa, mutumin Afirka ta Arewa daga ƙasar da yanzu take Aljeriya, ya rubuta masa cewa a'a, in muka yarda akwai yaudara ko da mai kyakkyawar niyya ce a wuri ɗaya cikin Nassi to ba sauran inda zamu dogara, Bitrus yayi kuskure da gaske kuma ya karɓi gyara. Ni ina tare da Agustin ɗari bisa ɗari, kuma ina ganin akwai ta'aziyya a ciki, babban manzo ma tsoron mutane ya taɓa rinjayarsa kuma Allah bai yar dashi ba.

Martin Luta shima ya koyar da wasiƙar nan a 1531 aka buga a 1535, shi ya karanta ta ne da tambayar lamiri mai nauyi, yaya mai zunubi zai tsaya a gaban Allah mai tsarki. Daga wajen 1977 kuma wasu masana irin su E. P. Sanders, daga baya James Dunn da N. T. Wright, suka ce a sake duba Yahudancin zamanin Bulus da kyau, suna ganin ayyukan Shari'a da yake magana akai sun fi shafar abubuwan da ke raba Bayahude da sauran mutane, kaciya da abinci da Asabar. An yi ta muhawara har yau. In ka ci karo da wannan kar ka firgita, ka koma sura 2 ka duba, zaka ga maganar samun karɓuwa ta bangaskiya a aya 16 ta taso ne daga rikicin wa zai ci abinci da wa. Abu biyun a haɗe suke, wanda Allah ya karɓa ta wurin Almasihu kaɗai, ba ka da ikon hana shi zama a tabarmarka.

Wannan ya kawo mu ga amfani da ita a rayuwa, kuma shi ake yi a ƙarshe ba a farko ba. Tambayar ba wai me ayar nan take faɗa mini yau da safe ba, tambayar itace wane abu ne a wurinmu yake aiki irin aikin da kaciya tayi a Galatiya. Ka duba ikilisiyarku da gaskiya. Idan Bahaushe ko Bafulatani ya karɓi Yesu, shin muna barinsa da sunansa da rigarsa da kunyarsa da yadda yake gaida manya, ko sai mun ga ya canza suna ya koma shiga irin tamu sannan hankalinmu ya kwanta dashi. Idan za'a zaɓi dattawa ko a kira fasto, kabila muke fara dubawa ko hali. Idan ɗiyarka ta kawo saurayi mai bi na ƙwarai amma ba yarenku ɗaya ba, 3:28 da tace duk ɗaya muke cikin Almasihu tana aiki a gidanka ko sai a kan bagade kawai. Abin nan yana min ciwo sosai, domin wahalar da masu bi ke sha a arewa ta isa, bai kamata mu ƙara wa juna da wariya ba.

Sannan ka kiyaye ɗaya gefen. Wasu suna jin 'yanci sai su ɗauka an buɗe ƙofar yin abin da aka ga dama, to 5:13 ta rufe wannan, 'yancin na bauta wa juna ne cikin ƙauna, 5:6 kuma tace bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna ita ce abin dubawa. Anan ne zaka ajiye Yakubu 2:14-26 kusa da Galatiyawa ka karanta tare, dukansu sun ɗauko Farawa 15:6 amma cuta daban kowa yake magani, Bulus yana fama da masu ƙara sharaɗi akan Almasihu, Yakubu kuma da masu bangaskiyar fatar baki. Haka ma 6:7 da ake yawan jawowa lokacin tara baiko, cewa abin da mutum ya shuka shi zai girba, ka karanta aya 6 zuwa 10 tare zaka ga akwai maganar kula da mai koyarwa da yin alheri, amma girbin da aka ambata a aya 8 rai madawwami ne, ba alkawarin ninka kuɗi ba.

Kar ka yi duk wannan kai kaɗai in da hali. Ka nemi mutum biyu ko uku, ko a zumuntar mata ko ta matasa ko maƙwabta, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a sati kowa yazo da littafin rubutunsa, ku fara da addu'a, ku karanta sashen da murya, kowa ya faɗi abin da ya gani da ayar da ta nuna masa. Wata biyu ya isa ku gama ba gaggawa. Tambayoyin da suka gagare ku ku tara su ku kai wa fasto ko wani da ya yi makarantar tauhidi. In kun kammala sai ku wuce Romawa, ku fara da sura 4 domin Ibrahim ɗin nan ne dai Bulus ya sake ɗaukowa amma a natse, daga nan ku koma sura 1 ku bi ta da irin matakan nan, sai dai ita sura 16 ce, ku ware mata kamar wata shida.